Dutsen Washi da Ƙarfen Sassaƙa Hoto

Ana saura mako 3 Kirsimati wani yaron gidanmu, ɗan shekara 13, ya komo daga makaranta da wata shawara. Malaminsu na zane ya koya musu yadda ake sassaƙa hoto a kan wata shimfiɗa mai kauri da ake kira lino, a shafa tawada, a danna takarda, hoton ya fito. Ya ce shi bana ba zai sayi katin gaisuwa ba, da hannunsa zai buga guda 40 ya aika wa dangi. Muka ji daɗin maganar. Kashegari muka shiga kasuwa muka sayo masa wani ɗan akwati mai ƙarafa 5, kowanne da ƙotar itace, muka ba shi tebur a zaure.

Rana ta biyu da la'asar sai muka ji ihu. Ƙarfen ya zame daga kan lino ya shige tsokar da ke gindin babban yatsansa na hagu. Sai da aka yi masa ɗinki 3, aka kuma yi masa allurar tetanus. A hanyar komowa gida mun yi ta yi masa faɗa, muna cewa garaje ne da rashin natsuwa.

Da dare wani dattijo maƙwabcinmu, wanda yake kafinta tun muna yara, ya shigo yi wa yaron sannu. Ya ce a kawo ƙarfen ya gani. Ya ɗaga shi kusa da fitila, ya juya shi, ya ɗan goga bakin a farcensa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ku bar yi wa yaron nan faɗa. Wannan ƙarfe ko ɗanyen kabewa ba zai yanka da daɗi ba. Wanda ya danƙa masa shi bai wasa ba, shi ne da laifi." Ba mu ce kome ba, gama mun san wanda ya danƙa masa.

Mutane da yawa suna tsammani ƙarfe mai kaifi shi ne abin tsoro a hannun yaro, dakusasshe kuwa da sauƙi. A wajen sassaƙa ba haka ba ne. Ƙarfe mai kaifi yana shiga da ɗan turi kaɗan, mai aiki yana iya tsai da shi inda ya ga dama. Dakusasshe kuwa sai an sa ƙarfin kafaɗa. Sa'ad da ya kuɓuce daga cikin katako, duk ƙarfin nan yana bayansa, ba mai iya tare shi sai abin da ya tarar a gaba. Sau da yawa abin da yake tararwa shi ne hannun hagu.

SANA'AR KANTA

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sassaƙa hatimi a bakin gidan waya ko ƙofar kotu ya riga ya ga tushen wannan aiki. Ana ƙwaƙule wurin da ba a so ya sha tawada, a bar wurin da ake so ya fito. Rubutu kuma a juye ake sassaƙa shi, domin ya miƙe a kan takarda. Bambancin kawai shi ne mai buga hoto yana aiki a kan allo mai faɗi, na katako ko na lino.

Sana'ar tsohuwa ce. A ɗakin ajiye littattafai na Birtaniya da ke London akwai wani naɗaɗɗen littafi na addinin Buddha wanda aka buga da sassaƙaƙƙen katako a ƙasar Sin a shekara ta 868, da hoto a farkonsa. A Jamus, a birnin Nuremberg, Albrecht Dürer ya fito da hotuna 15 na Wahayin Yahaya a 1498, dukansu daga katako. Lino ya zo daga baya. Wani Baturen Ingila, Frederick Walton, shi ya ƙago shi cikin shekarun 1860 domin shimfiɗa a ɗaki, daga baya masu zane suka lura yana yankuwa ta kowace fuska, ba shi da jijiya irin ta itace. A Afirka ta Kudu, makarantar sana'a ta Ikkilisiyar Lutheran da ke Rorke's Drift ta horar da Azaria Mbatha da John Muafangejo na Namibiya, waɗanda hotunansu na lino, baƙi da fari, suka zaga duniya. A nan gida kuma Bruce Onobrakpeya, wanda ya shiga kwalejin Zariya a 1957, tun kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya yi suna da irin wannan aiki.

Amma in ana zancen washi, mutanen Japan ya kamata a duba, domin su ne suka kai abin matuƙa.

A zamanin Hokusai, wanda ya rayu daga 1760 zuwa 1849, mai zane ba ya sassaƙa da kansa. Yakan zana hoton a kan takarda marar kauri, a kai wa masassaƙi. Shi kuma ya manna ta a kife a kan allon itacen ceri, ya murje bayanta da yatsa har layukan su bayyana, sa'an nan ya bi kowane layi da wuƙa, ya yanka gefen dama, ya yanka gefen hagu, ya share tsakani. Takardar mai zane tana ƙarewa ke nan a ƙarƙashin wuƙa. In wuƙar ta zame ta cinye layi, sai an fafe wurin an cusa wani guntun itace an sāke, aikin da ke cin lokaci. Shahararren hoton nan na Hokusai na babbar raƙumar ruwa, wanda ya fito wajen 1831, ta hannun irin waɗannan masassaƙa ya bi. A cikinsu ma akwai daraja hawa-hawa. Ɗan koyo yakan fara da rubutu da tufafi, sai ya daɗe kafin a yarda ya taɓa fuska da gashin kai, inda ake barin silin gashi da dama a tsaye cikin faɗin da bai wuce na ƙwayar gero ba. Mutumin da ke irin wannan aiki dutsensa yana gefensa a jiƙe tun safe, yana komawa kansa a kai a kai kamar yadda mai rubutun allo yake komawa kurtun tawada.

Wuƙaƙensu ma dabam suke. Maƙeran Japan sukan haɗa ƙarfe iri biyu a wuta: siririn falle na ƙarfe mai tauri ƙwarai, wanda shi ne ke yin yankan, da ƙarfe mai taushi a bayansa domin ya tallafe shi. Amfanin wannan shi ne yawancin abin da dutse zai ci mai taushi ne, washi ba ya daɗewa. Illarsa kuwa, fallen nan mai tauri yana da saurin ɓantarewa. Wanda ya sa irin wannan wuƙa ya ɓamɓari katako da ita kamar yana buɗe gwangwani, zai ga bakin ya yi giɓi.

DUWATSU

Tun da daɗewa Japanawa sun kasa duwatsun washi uku: mai kaushi na gyaran baki, matsakaici na fid da kaifi, da mai laushi na gamawa. Mafi daraja cikin na gamawa daga duwatsun da ke kewaye da birnin Kyoto ake haƙo su. Yawancin ramukan an rufe su, shi ya sa mai kyau ya yi tsada ƙwarai. Amurka tana da nata, dutsen Arkansas, wanda ake aiki da shi da mai. Beljiyam tana da wani rawaya mai ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, wanda masu aski na Turai suka daɗe suna so.

Kada mai karatu ya karai da jin waɗannan sunaye. Duwatsun da yawancin masu sana'a ke riƙewa yau na masana'anta ne. A 1891 wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya gano yadda ake yin wani gari mai tauri ƙwarai da ake kira kaborandam, da shi da makamantansa ake yin dutsen nan mai launin toka, mai fuska biyu, wanda ake sayarwa a rumfar masu kayan kafinta. Akan rubuta lamba a jikin dutse ko a kwalinsa. In lambar ta yi girma, dutsen ya yi laushi ke nan. Daga 200 zuwa 400 na cire giɓi ne da gyara bakin da ya karkace. Lamba 1000 ita ce ta aikin yau da kullum. Daga 4000 zuwa 8000 na gamawa ne, suna barin baki yana ƙyalli kamar madubi.

Dutsen kasuwa mai fuska biyu, ko fuskarsa mai laushin, ya yi wa ƙarfen sassaƙa hoto kaushi. Yana da kyau ga adda da wuƙar kicin, amma in aka tsaya a kansa bakin kurfi zai fito da ƙananan haƙora kamar zarto. Dabarar da dattijon nan ya nuna mana ba ta da tsada. A je wurin masu sayar da kayan fentin mota a sayi samfefa baƙa wadda ake aiki da ita da ruwa, lamba 600, da 1000, da 2000. A sami guntun gilashi mai kauri, a goge gefensa don kada ya yanki mutum. A jiƙa samfefar a shimfiɗa a kai, za ta manne da kanta. Gilashi ba ya lanƙwasa, ba ya yin kwari, saboda haka ya fi wani dutsen ma daidaita. Samfefar dai tana cinyewa, sai a riƙa canzawa.

Dutse na ruwa ana tsoma shi cikin ruwa har kumfa ta daina fita, kamar minti 5 zuwa 10. Masu laushi ƙwarai yayyafi ya ishe su. Na mai kuma ana ɗiga masa man keken ɗinki, ko a sirka da kananzir. Ban da man gyaɗa, ban da manja: suna daskarewa su toshe idon dutse. Wanda aka taɓa sa wa mai ya zama na mai ke nan, ruwa ba zai ƙara kama shi ba.

YADDA AKE YI

Kaifi ba wani abu ba ne illa wurin da fuska biyu na ƙarfe suka haɗu ba tare da kauri a tsakaninsu ba. Ɗaya ita ce bayan ƙarfen, ɗaya kuma ita ce gangaren da aka zaftare zuwa baki. In aka wasa ɗaya aka bar ɗaya da tsatsa ko ƙuraje, an yi rabin aiki.

A fara koyo da cizal mai miƙaƙƙen baki, shi ya fi sauƙi. A kwantar da bayansa sarai a kan dutse mai laushi a goga har wajen bakin ya yi haske. Wannan sau ɗaya ake wahalarsa, daga baya taɓawa ce kawai. Sa'an nan a juya a ɗora gangaren. A ɗan ɗaga ƙota a sauke, a ɗaga a sauke, har a ji gangaren ya zauna daram, a ga ruwa ya ɗan tsartu daga ƙarƙashin baki. Nan ne mazauninsa. Ga ƙarafan sassaƙa hoto kusurwar tana wajen digiri 20, ta ɗan ragu ga lino, ta ɗan ƙaru ga katako mai tauri. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗauki takarda ya ninka kusurwarta biyu, ya sāke ninkawa. Abin da ya samu digiri 22 da rabi ne, ya isa gwaji.

Abu mai wuya shi ne riƙe wannan kusurwa ba tare da hannu ya yi lilo ba. A kafe wuyan hannu, a matse gwiwar hannu a jiki, motsin ya fito daga kafaɗa da ƙugu. Yatsu biyu na hagu su danne ƙarfen kusa da baki, dannawa kaɗan. In hannu yana lilo gangaren zai yi tozo, ƙarfen kuwa zai riƙa hawa bisa katako maimakon ya shiga. Akwai wata dabara mai taimako: a shafe gangaren da baƙar maka, a goga sau 4 ko 5, a duba. Inda tawadar ta goge, nan dutse ke ci. In gindin gangaren ne kaɗai ya goge, ƙota ta yi ƙasa. In bakin ne kaɗai, ta yi sama.

Yayin da ake gogawa a dutsen ruwa wani kunu mai launin toka zai taru. Kada a wanke shi, shi ne ke yin aikin. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To, a nan dai mun ga romon da idonmu.

Yaushe za a tsaya? Sa'ad da ƙarfen ya sirance har ƙarshe, wani ɗan leɓe yakan lanƙwaso ta baya, siriri kamar gashi. A shafa yatsa daga bayan ƙarfen zuwa waje, ba tare da bin tsawon bakin ba, za a ji yana ɗan kamawa. In an ji shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, aikin wannan dutse ya ƙare, a wuce zuwa mai laushi. In ba a ji shi ba, ba a kai baki ba tukuna, ko da an yi awa guda ana gogawa. Yawancin masu cewa sun wasa ƙarfe bai yi kaifi ba, a nan suka tsaya da wuri. A dutsen ƙarshe ana juyawa, gangare kaɗan, baya kaɗan, da hannu marar nauyi, har leɓen ya faɗi da kansa. Kada a fizge shi.

Kurfi mai baki kamar indararo, wanda ake share fili da shi, yana bukatar wani motsi dabam. A riƙe shi a gicciye, a tafi da shi tsawon dutse ana mirgina shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda kowane sashe na bakin zai sami rabonsa daidai. Wanda ya daɗe a tsakiya zai cinye tsakiyar, kusurwoyin su yi gaba kamar ƙaho. Wanda ya mirgina fiye da kima zai cinye kusurwoyin. In bakin ya riga ya lalace haka, magani shi ne a tsai da kurfin a tsaye cak a kan dutse, a goga har bakin ya daidaita. Zai dakushe sarai, a ga wani farin layi a bakinsa. Daga nan a wasa gangaren ana duban layin nan, ana cin inda ya fi kauri, har ya ɓace ko'ina lokaci ɗaya. Da muka ga dattijon ya yi wa sabon ƙarfenmu haka sai da gabanmu ya faɗi, amma hanyar ke nan. Leɓen da ke fitowa ta cikin indararon ana cire shi da ɗan siririn dutse mai zagayayyen gefe, ko a naɗa samfefa lamba 2000 a jikin ƙusa ko tsinken itace a ja ta ciki zuwa waje. Kurfi yana haƙa rami a dutsen ruwa, don haka a ware masa gefe guda, ko dutse nasa.

Sai mai baki kamar harafin V, wanda ake jan siraran layuka da shi. Shi ne ya fi amfani, shi ne kuma ya fi ba da wuya. A ɗauke shi kamar cizal biyu da suka haɗu a gindi. A wasa gefe ɗaya a kwance, a ƙirga, a yi wa ɗayan daidai wannan adadi. In an gama za a ga wani ɗan tsini ya fito a mahaɗar kamar bakin tsuntsu. Dalili shi ne ƙarfen ya fi kauri a wurin, kuma cikin mahaɗar ba tsini ba ne sosai, yana da ɗan zagaye. Wannan tsini ba ya yanka, yagewa yake yi. Ana kawar da shi ta wurin mirgina gindin a hankali a kan dutse mai laushi, kamar wani ƙanƙanen kurfi. Sau 2 ko 3, a duba. In aka zarce, maimakon tsini sai a sami giɓi, a koma farko. Ƙarfen wurin bai fi kaurin farce ba, ba ya jimre hannu mai nauyi. Shawararmu ita ce kada yaro ya fara da wannan, ko babba ma ya bari sai hannunsa ya faɗa a kan sauran.

FATA

Duk wanda ya zauna gaban wanzami ya ga yana kaɗa askarsa a fata ko a tafin hannu kafin ya ɗora a kai. Ba wasa yake yi ba, yana miƙar da bakin ne yana goge shi. Mai sassaƙa hoto ma haka. A manna guntun tsohon bel na fata a kan katako mai faɗi. A shafa masa koren sabulun goge ƙarfe, in babu, man goge tagulla ma yana yi. A ɗora gangaren a ja baya, kullum baya, kada a tura gaba domin zai yanke fatar. A ƙarshen ja kada a ɗaga ƙota, wannan yana dunƙule bakin. Domin cikin kurfi da V, a sa ƙarfen kansa ya yanka kwari a katako mai taushi, a sassaƙa ɗan tudu daidai cikinsa a gefe, a shafa musu sabulun. Kowane ƙarfe ya sami magogi daidai da shi ke nan.

Wanda ke komawa kan fata kowane minti 15 ko 20 zai yi kwanaki bai nemi dutse ba. Masu aiki da lino su lura da wannan musamman. Yana da taushi a hannu, amma cikin abin da ake haɗa shi da shi akwai garin farar ƙasa, tare da garin itace da wani mai da ya daskare, a kan algarara. Garin nan yana cin baki a ɓoye. Katakon filawud ma haka, saboda gam ɗin da ke tsakanin fallayensa.

Gwajin kaifi iri uku ne muka koya. A ɗaga bakin a fuskanci haske: mai kaifi ba ya ƙyalli ko kaɗan, inda aka ga ɗigon haske, wurin a dakushe yake. A ɗora bakin a farce a karkace ba tare da dannawa ba: mai kaifi yana kamawa, dakusasshe yana sulɓewa. Na uku shi ne ya fi gaskiya: a yanka katako mai taushi a gicciye. In yankan ya fito sumul yana sheƙi, da ɗan sauti mai daɗi, an gama. In ya fito da gashi-gashi, da sauran aiki. In akwai farin layi guda yana bin tsawon yankan, akwai ɗan giɓi daidai wurin.

Ga wani kuskure na biyu da muka yi, muna faɗa domin kada wani ya maimaita. Kafin dattijon ya sami sukunin zama da mu, mun ɗauki kurfi ɗaya muka kai wa mai injin washi a kasuwa. Cikin ƙiftawar ido ya gama, tartsatsi na tashi, ya miƙo mana. Bakin ya zama shuɗi. Ashe wannan shuɗin alama ce ƙarfen ya yi zafi wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi. Yana yin kaifi, amma ba ya riƙewa ko na minti 5. Sai da aka cinye duk wurin da ya canza launi a dutse mai kaushi kafin a kai ga ƙarfe mai rai, kurfin ya gajarce. Mai injin bai yi mugunta ba, gatari da adda ya saba da su, masu kaurin da ke shanye zafi.

Dutsen kansa yana son kulawa. Da yawan aiki tsakiyarsa takan yi kwari, dutse mai kwari kuwa ba ya fid da miƙaƙƙen baki. A zana layuka a fuskarsa da fensir, a kife shi a kan jiƙaƙƙiyar samfefa mai kaushi bisa gilashi, a goga har layukan su ɓace duka. A shanya shi a inuwa, zafin rana yana iya tsaga shi. Ƙarafan kuma a share su sarai bayan washi, a shafa ɗan mai, balle da damina. Kada a zuba su cikin gwangwani ɗaya suna karo da juna. Tsumma mai aljihu-aljihu, irin zabirar wanzami, ya ishe su.

Abu na ƙarshe da dattijon ya yi mana bai shafi dutse ba. Ya ɗauki wani allo ya kafa masa ɗan katako a ƙarƙashi ta gaba, domin ya kama bakin tebur, ya kafa wani a bisa ta can ƙarshe, domin lino ya tokare da shi. Da wannan hannun hagu ba ya bukatar riƙe kome a gaban ƙarfe. Ya ce wa yaron, "Hannunka biyu su zauna a bayan baki. In layi ya juya, juya allon, kada ka juya ƙarfen ya dubi cikinka." Yaron ya ce, "To, Baba." Ya kuma ce da hunturu a ɗan ajiye lino a rana kafin a fara, domin sanyi yana sa shi tauri.

An cire zaren ɗinkin bayan kwana 10. Kirsimati ta riga ta wuce kafin hannun ya iya riƙe allo sosai, saboda haka katin ya koma na gaisuwar sabuwar shekara, guda 22 maimakon 40, da hoton zakara a kan danga. Cizal da kurfi 2 yaron yana wasa su da kansa yanzu a kan gilashi. Na V ɗin har yau yana fito masa da bakin tsuntsu, dattijon ya ce a kawo masa ran Asabar su sāke zama a kai.